Ziyarar Maƙabartar Sojoji: Kun Tambaya, Mun Amsa

Wasiƙun wannan fitowa sun haɗu a kan magana ɗaya, wato yadda ake ziyartar maƙabartar sojoji domin girmama 'yan mazan jiya. Mun taƙaita tambayoyin, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kakanmu ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba. Abin da ya rage mana shi ne sunansa da wata tsohuwar takarda mai ɗauke da lamba. Mahaifina ya tsufa, kuma babban burinsa ya san inda mahaifinsa yake kwance. Ta ina zan fara?
Daga wani jika

AMSA: Wa alaikumus salam, malam. Allah Ya jiƙan kaka, Ya ƙara wa baba lafiya. Kafin komai, ka ɗauki hoton takardar nan gaba da baya, ka adana ta inda ruwa da gara ba za su kai gare ta ba. Idan lambar da ke jiki lambarsa ce ta soja, to aikin ya zo da sauƙi, domin a wannan nema lamba ta fi suna ƙarfi.

Sojojin da suka rasu ƙarƙashin tutar Birtaniya da ƙasashen da ta rena a yaƙe-yaƙen duniya biyu, hukuma guda ce ke kula da kaburburansu. Sunanta Commonwealth War Graves Commission, a taƙaice CWGC, an kafa ta a 1917. Tana riƙe da sunayen mutum kimanin miliyan 1.7 a wurare kusan 23,000, cikin ƙasashe fiye da 150, kuma kowa na iya bincika rajistarta a shafinta na intanet. Sai dai tana da iyaka. Wanda ya rasu tsakanin 4 ga Agusta 1914 da 31 ga Agusta 1921, ko tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 31 ga Disamba 1947, shi ne ke ciki. Sojan da ya dawo gida ya rasu bayan haka, ba za ka same shi a can ba.

Abin da ya sa lamba ta fi suna shi ne, akawun soja ya rubuta abin da kunnensa ya jiye masa ne. Mamman yakan koma Mama ko Momo, Ahmadu ya koma Amadu, Ibrahim ya koma Braima. Da yawa ma ba a rubuta sunan mahaifinsu ba, sai aka liƙa musu sunan gari ko na ƙabila, shi ya sa za ka ga mutane da dama da suna iri ɗaya sak. Saboda haka ka fara da lambar kaɗai. In ba ta fito ba, ka cire haruffan da ke gabanta, ka bar alƙaluman. Sai hakan ya ci tura sannan ka koma ga suna, kana jujjuya rubutunsa, kana taƙaita neman da shekara da runduna. Sojojin Afirka ta Yamma da suka je Bama galibi suna cikin Runduna ta 81 da ta 82, waɗanda aka kafa a 1943, suka gwabza da sojojin Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan.

Sakamakon iri biyu ne, kuma ya kamata ka shirya wa baba zuciyarsa tun kafin ka duba: ko a nuna maka kabari, ko a nuna maka suna a jikin bango. Maƙabartar Taukkyan, mai tazarar kimanin kilomita 35 arewa da birnin Yangon na ƙasar Bama (wadda yanzu ake kira Myanmar), an fara ta a 1951 domin tattaro gawarwaki daga maƙabartun fagen daga masu wuyar kulawa. Tana da kaburbura 6,374 na Yaƙin Duniya na Biyu, 867 daga ciki ba a san masu su ba. A tsakiyarta kuwa akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san inda aka binne su ba. Ka ga ke nan waɗanda ke jikin bango sun ninka masu kabari sau huɗu. Ba raini ne ya jawo haka ba. A dajin Bama an binne mutum ne inda ya faɗi, ruwan sama da ciyayi suka shafe alamar kafin a dawo nemansa. Wasu kuma suna Chittagong da Maynamati a ƙasar Bangaladash, musamman waɗanda suka cika a asibitocin bayan daga.

In ka sami kabari, za ka ga adireshinsa kashi uku, misali 12. C. 7. Lamba ta farko shiyya ce, harafin layi ne, ta ƙarshe kuma matsayin kabarin a cikin layin. A maƙabartu da yawa ana rubuta shiyya da lambobin Romawa, kuma nan ne mutane suka fi ɓata: su karanta IV a matsayin VI, ko IX a matsayin XI, ko su fara ƙirga layi daga ƙarshensa. Ka kwafi adireshin a takarda, kada ka dogara da waya kaɗai. Kusa da ƙofar shiga yawanci akwai wata 'yar ƙofa ta tagulla a jikin bango, cikinta akwai rajistar maƙabartar da taswirarta da littafin baƙi. Ka duba, ka sa hannu, ka mayar.

In kuwa ba ka same shi ba, kada ka yanke ƙauna. A watan Afrilu na 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoto, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, mafi yawansu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ta nemi gafara. Abin takaici ne matuƙa, amma hukumar tana karɓar hujjoji daga iyalai. Ka rubuta mata, ka haɗa da hoton takardar. Batun tafiya kuma, Myanmar tana cikin rikici tun juyin mulkin Fabrairun 2021, don haka kada ka sayi tikiti sai ka ji shawarar ma'aikatar harkokin waje. Kafin nan, akwai 'yan sa kai da ke ɗaukar hotunan kaburburan yaƙi. Hoto mai kyau da aka wanke aka miƙa wa baba a hannu ba ƙaramin abu ba ne.

TAMBAYA: Wace rana ce ta fi dacewa da ziyara?
Daga wata mai karatu

AMSA: Ya danganta da abin da kike nema, malama. In biki kike son gani, kowace ƙasa da ranarta. Ƙasashe da yawa suna tsayawa shiru na minti biyu da ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamba, lokacin da aka tsagaita wuta a 1918. Birtaniya tana babban taronta a Lahadi ta biyu ta Nuwamba, Ostireliya da Niyu Zilan a 25 ga Afrilu, Najeriya a 15 ga Janairu. Amurka ta raba abin gida biyu: Litinin ta ƙarshe ta watan Mayu ta waɗanda suka rasu a bakin aiki ce, 11 ga Nuwamba kuma ta duk wanda ya taɓa sa kaki. A birnin Ypres na Beljiyam kuwa ba sai kin jira shekara ba. A Ƙofar Menin, mai ɗauke da sunayen sojoji fiye da 54,000 da ba a san kaburburansu ba, ana busa begila kullum da ƙarfe 8 na dare tun 1928, ba a tsaya ba sai lokacin mamayar Jamus daga 1940 zuwa 1944. Ki isa da aƙalla rabin awa kafin lokaci in kina son wurin tsayawa.

In kuwa kabarin mutum ɗaya kike son ziyarta, ki guji waɗannan ranaku, domin akan rufe hanyoyi, a killace wasu sassa saboda manyan baƙi. Safiyar ranar aiki ta fi, lokacin da masu kula da wurin suke nan, za su iya raka ki har gaban kabarin.

TAMBAYA: Ƙungiyarmu ta 'ya'yan tsofaffin sojoji tana son ajiye furanni a madadin iyayenmu. Ba mu taɓa yi ba, kuma muna tsoron kada mu yi abin kunya a gaban sojoji. Mene ne tsarin?
Daga sakataren wata ƙungiya

AMSA: Tsoron nan naka alama ce ta ladabi, malam sakatare, kuma tsarin bai da wuya. Matakin farko shi ne wasiƙa zuwa ofishin maƙabartar, makonni kafin ranar, ɗauke da sunan ƙungiya, yawan mutane, rana da lokaci, da ko za ku zo da mai busa ko tuta. Dalili shi ne maƙabartu da yawa har yanzu ana binne mutane a cikinsu. A Arlington ta Amurka, wadda aka buɗe a 1864 kuma take ɗauke da mutum fiye da 400,000, akan yi jana'iza kusan 30 a ranar aiki guda. Jana'iza kuwa tana gaba da kowane taro.

Ku zaɓi mutum ɗaya ko biyu da za su ɗauki furen, kada su wuce huɗu. Zagayayyen fure mai faɗin santimita 40 zuwa 45 ya isa. Mai ɗauka ya riƙe shi da hannu biyu daidai ƙirji, fuskarsa tana kallon gaba, ya taka a hankali, ya tsaya kamar taku ɗaya kafin wurin, ya sunkuya ya ajiye. Sai ya ja da baya taku ɗaya, ya tsaya shiru na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya juya ya koma wurinsa. Mai kaki shi ne ke sarawa. Farar hula ya miƙe tsaye ya nutsu, shi ke nan, ba a neman ya kwaikwayi soja. Amurkawa sukan ɗora hannun dama a kan ƙirji. A al'adar Turawa maza suna cire malafa, amma hula ko rawani ko mayafi da aka sa saboda addini, ba wanda zai ce a cire.

A tsarin ƙasashe renon Ingila, begila ta farko ita ce ta bankwana, sai shiru na minti biyu, sai begila ta biyu ta farkawa, daga nan a ajiye furanni bi da bi. Ku tsara wanda zai fara da wanda zai biyo tun daga gida, domin jayayya a kan fifiko a gaban kabari ta fi kowane kuskure muni. Ba a tafi bayan busa. A kashe waya gaba ɗaya, kuma a ba mutum ɗaya agogo, domin minti biyu a tsaye yakan yi tsawo, sai wani ya yi zaton an manta ya fara magana.

Ƙananan abubuwa biyu ne suka fi ɓata irin wannan taro. Iska takan kifar da fure mara nauyi, don haka ku kwantar da shi ko ku jingina shi sosai. Ruwan sama kuma yakan wanke rubutun katin, sai ku rubuta da fensir ko tawada mara gogewa.

In jana'iza ta riske ku, ku matsa gefe, ku tsaya har ta wuce, ba hoto. Za ku iya jin harbi sau uku a tare. Harsasan ba su da kai, amma ƙararsu tana razana yara, kuma tana tayar wa wasu tsofaffin sojoji da abin da suka gani a daga, saboda haka ku sanar da su tukuna. Wannan dabam yake da harbin igwa 21 da ake yi wa shugabannin ƙasa.

TAMBAYA: Na ga dutsen kabarin kawuna ya yi baƙi, gansakuka ta fara rufe rubutun. Zan iya wanke shi da kaina? Kuma me ya halatta in bari a wurin?
Daga wata 'yar ɗan'uwa

AMSA: Allah Ya saka da alheri da wannan zumunci, 'yar'uwa, amma ki dakata. Dutsen mallakar hukumar maƙabartar ne, kuma tana da ma'aikatan da aikinsu ke nan. Ki ɗauki hoto, ki rubuta adireshin kabarin, ki kai ofis. Ɓarnar da ta fi yawa a irin waɗannan duwatsu daga hannun masu kyakkyawar niyya take fitowa.

Yawancinsu na farar ƙasa ne ko mabul, kuma suna da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, suna shan ruwa kamar soso. Bilic yakan haskaka dutse a ranar, amma yana barin gishiri a cikin ƙofofin nan. In ya bushe sai gishirin ya daskare ya kumbura, fuskar dutsen ta riƙa marmashewa. Duk abu mai tsami, har da ruwan lemon tsami da sinadarin wanke banɗaki, narkar da dutsen yake yi kai tsaye. Burushin ƙarfe yana cin gefen haruffa, ya kuma bar ɓurɓushin da zai yi tsatsa. Injin feshi mai ƙarfi yana kankare saman dutsen, ya buɗe wa gansakuka sabuwar hanya. In hukumar ta ba ki izini, abin da ake amfani da shi ruwa ne zalla da burushi mai laushi. A jiƙa dutsen sosai, a goge daga ƙasa zuwa sama don kada dauɗa ta zubo ta bar zane, a ɗauraye. Dutsen da ya tsage ko yake ɓarewa kuwa, kada ko ruwan ya taɓa shi.

Idan don hoto ne, kada ki shafa alli ko gari a cikin rubutun. Ki zo da safe ko da yamma lokacin da rana ta karkata, ko ki sa wani ya riƙe madubi ya hasko dutsen daga gefe, inuwa za ta cika haruffan su fito ɓaro-ɓaro. A maƙabartar Amurkawa da ke Normandi ta Faransa, mai kaburbura fiye da 9,300, ma'aikata sukan shafa yashin gaɓar teku a rubutun domin iyalai su ɗauki hoto, amma su ne ke yi, ba baƙo ba.

Abin da za ki bari: ɗanyen fure, a kwance a gaban dutsen ko a cikin mazubin da maƙabartar ta tanada. Ki cire leda da waya da roba. Kada ki kai tulun gilashi, domin in ya fashe injin yankan ciyawa yakan watsa shi ya ji wa ma'aikaci rauni. Kyandir yana barin kakin zuma da baƙin hayaƙi, salatif da gam suna barin tabon da ba ya fita, shuka kuma saiwarta takan karkatar da dutse. Za ki iya ganin tsabar kuɗi a kan kaburburan Amurkawa, ko ƙananan duwatsu a kan na Yahudawa. Alama ce cewa wani ya ziyarta, a bar su inda suke.

TAMBAYA: Ni musulmi ne. Yaya zan gane kaburburan musulmi a maƙabartar da kowa da kowa ke ciki, kuma yaya zan guji taka kabari?
Daga wani dattijo

AMSA: Ranka ya daɗe, gane su ba wuya. A maƙabartun CWGC duwatsun girmansu ɗaya ne, na janar da na farabiti, tsawon santimita 76 da faɗin 38, domin ƙa'idar ita ce ba a fifita kowa da muƙami. A ƙasashe irin su Myanmar da Tailan kuma, allunan tagulla ne a kan gajerun dakali. Na musulmi ba shi da gicciye, za ka ga rubutun Larabci, galibi “Huwal Gafur” da “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un”. Faransawa suna yi wa musulmi dutse mai lanƙwasasshen kai da jinjirin wata da tauraro. A Douaumont kusa da Verdun akwai irinsu 592 a sashe guda, an fuskantar da su alƙibla. Amurkawa ma jinjirin wata da tauraro suke sassaƙawa.

Mamacin yana kwance ne a gaban dutsen, ƙarƙashin ciyawa, kuma babu tudun ƙasa da zai nuna maka iyakarsa. Dabarar ita ce ka bi ta bayan duwatsun layin da ke gaba, wato ta wajen ƙafafun waɗanda kake dubawa, ka tsaya daga nan. Kada ka zauna ko ka jingina da dutse. Wannan dokar maƙabarta ce, kuma hadisi ma ya hana zama a kan kabari. Sallamar da ka saba yi wa mazauna kaburbura da addu'ar neman gafara, ba mai hana ka, sai dai ka sassauta murya in akwai wasu kusa. Abin da ya shafi hukuncin tsayawa a taron wani addini, wannan na malaminka ne.

TAMBAYA: Ina koyar da tarihi, zan kai ɗalibai 30 maƙabartun yaƙi a Beljiyam. Yaya zan sa su amfana? Kuma ya dace mu shiga ta Jamusawa?
Daga wata malamar sakandare

AMSA: Malama, yawan kaburbura ba ya shiga zuciyar yaro, mutum ɗaya ne ke shiga. Maƙabartar Tyne Cot ta CWGC tana da kaburbura kusan 12,000, fiye da 8,000 ba suna, kuma yaron da aka sake shi a ciki haka nan zai gaji cikin minti goma. Tun a aji ki ba kowane ɗalibai biyu sunan soja ɗaya daga rajista, su nemo shekarunsa da rundunarsa da ranar rasuwarsa. A can su nemo kabarin da kansu ta adireshi, su karanta 'yar jimlar da iyalinsa suka zaɓa a ƙasan dutsen, wadda aka ƙayyade wa haruffa 66. Ki raba su rukuni uku, kowane da babba ɗaya, ki ba su minti 45 zuwa awa guda. Su ci abinci su kewaya kafin a iso, domin ƙananan maƙabartu ba su da banɗaki. Ki faɗa musu a cikin mota cewa ba gudu, ba hawa bango, ba hoton wasa.

Ta Jamusawa kuwa, ku shiga. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta wajabta binne gawar abokin gaba da mutunci da kuma yi wa kabarinsa alama. Maƙabartar Jamusawa ta Langemark tana kusa da Tyne Cot, kuma bambancinsu darasi ne da kansa: duwatsu baƙaƙe a kwance, sunaye da yawa a kan dutse ɗaya, da kabarin bai ɗaya mai ɗauke da mutum kusan 25,000. Ƙungiyar Volksbund ta Jamus, wadda aka kafa a 1919, ita ke kula da ita.

Gargaɗi ɗaya da ba ma son ki manta: gonakin da ke kewaye da waɗannan wurare har yau suna fitar da harsasan igwa da gurneti da ba su fashe ba, wasu cike da iskar guba, kuma manoma sukan ajiye su a bakin hanya domin sojojin kwance bama-bamai su kwasa. Tsatsa ba ta kashe su ba, ƙara musu haɗari ta yi. Ki gaya wa ɗalibai kada su ɗauki ko wane ƙarfe. Wanda ya ga irin wannan ya ja da baya ya faɗa miki, ke kuma ki lura da wurin ki kira 'yan sanda.